Abin da Ya Sauka a Ngawundal

Yawunde, cikin watan Rajab

Zuwa ga Hamajoda ɗan Goggo Nenne, a Tibati.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Dudu da yara da shanu. Na sa shanun a ƙarshe don in ɓata maka rai, na san a wurinka su ne farko. Ka gaida Dudu, ka ce Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai. Ni ma lafiya, alhamdu lillahi. Wannan lafiyar ta buɗe takarda ce, sauran bayani yana tafe.

Ka san da aka cire mini mama a Ngawundare an ce an gama. Ashe ba a gama ba, ciwon dajin ya koma ciki ya yi zamansa. Shi ya sa Malamin ya ɗauko ni ya kawo ni nan. Ka san wanda nake nufi, ɗan farin nan da uwarka ta yi rainonsa tun daga yaye, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba. Allah ya ba ni huɗu, ya karɓi uku, ya bar mini wanda ba na iya ɗaga ido in kalla.

Gidan nasa a saman bene yake, ɗaki biyu da falo. Matarsa ta tafi Garwa haihuwa, ba ta da ranar dawowa. Daga ni sai shi. In ya shigo falo in shige ɗaki, in ya yi gyaran murya in ja mayafi. Da safe ya ajiye mini shayi a bakin ƙofa ya tafi koyar da lissafinsa. Haka muke ta kewaye juna kamar surukai sun haɗu a rijiya.

Maganin kuwa wani jan ruwa ne kamar zoɓo, a rataye shi a jikin ƙarfe a yi ta ɗura mini ta jijiya, duk bayan 'yan makonni. Ranar da aka sa ba komai. Washegari ne zan san an sa. Abin da na ci da wanda ban ci ba duk sai ya fito. Bakina ya yi gyambo, kindirmo ma ɗanɗanon tsohon kwano yake yi mini. Ka taɓa jin Bafulatana ta ga kindirmo ta kau da kai? To ga ta nan tana rubuto maka.

Bari in ba ka abin dariya. Likitar mace ce, 'yar kudu, mai kirki, amma ban da Faransanci ba abin da za ta yi da ni. Tafintanmu kuwa Malamin ne. Sai ta dube ni ta jero tambaya, shi kuma ya dubi takalminsa ya ce, "Dada, wai yaya cikinku? Wai kuna amai? Wai yaya bayan gida?"

To kai Hamajoda, da ba ka gaji kunya ba, faɗa mini, da wane baki zan gaya wa wannan yaro yadda bayan gidana yake? Sai in ce, "Lafiya." Ya juya ya ce mata lafiya. Ita kuma ta rubuta lafiya. Har yabona take yi, wai ba ta taɓa ganin mai ɗaukar maganin nan kamar ni ba.

Gashin nan da ka ƙare yarintarka kana ja, ya tafi. Na tashi da safe na tarar da kitso guda kwance a kan matashi, sauran suka bi shi. Na rasa inda zan binne shi, ko'ina siminti ne, kuma ban yarda gashina ya shiga kwandon shara tare da ɓawon ayaba ba. Na ƙulle shi a tsohon ɗankwali na tura ƙasan akwati. Kaina ba ya rabuwa da ɗauri, don haka shi bai sani ba.

Layin dogo ta bayan gidan ya bi. Kullum gab da magariba jirgin arewa zai wuce yana kuka, ni kuma in tsaya a taga in raka shi da ido har ya shige cikin itatuwa.

Saboda haka, bawan gidanmu, ka bar shanun nan haka ka zo ka ɗauki uwargijiyarka. Ka taho da igiya, ka ce tsohuwar saniyarka ce ta ɓata, ka ji labarinta a Yawunde. Malam Dewa mai rakiyar shanu a jirgi shi zai kawo maka wannan takarda, ka ba shi amsa.

Taubashiyarka,
Astajam

Tibati, cikin watan Sha'aban

Zuwa ga baiwata Astajam, wadda ta hau bene ta manta da iyayengijinta.

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, shanu lafiya, sannan Dudu da yara. Kin ga na mayar da kowa mazauninsa. Allah ya ƙara miki sauƙi, ya sa kaffara ne.

Takardarki ta zo, na karanta ina dariya har Dudu ta fito daga madafa tana tambaya ko na taɓu. Na ce mata Asta ce, bakin nan nata likita bai cire ba. Mutumin da zai zauna ya tsara zagi haka, da sauransa.

Wai in zo in ɗauke ki. Yaushe aka fara? Da aka kai ki gidan miji a Banyo haka kika aiko, wai in taho da gaggawa ƙasar ba ta karɓe ki ba. Na hau doki na sha rana, na tarar da ke a tsakar gida kin yi kumatu kina ba kowa umarni. Ba za ki ƙara yi mini wannan ba. Kuma ke ce fa, muna yara bajimin Baffa ya take miki ƙafa, kika tashi kika kaɗe zani kika ce ƙuda ne ya sauka. Yau kuma ruwan zoɓo ne zai kore ki daga birni?

Malam Dewa ya ce ya ga Jibrilla, ni kam zan kama sunansa tunda ba ni na haife shi ba, kuma Jibrilla ya ce likita tana jin daɗin yadda jikinki ke karɓar magani. To me kuma ake nema? Gashi zai tsiro. In bai tsiro ba zan aske wutsiyar farar saniyata in aiko miki, ta fi naki kyau tun asali.

Yanzu ki saurara, wannan ba wasa ba ne. Yaron nan yana ƙoƙari, kuma ke kaɗai yake da ita. Kada ki karya masa gwiwa. Ki daure ki kai maganin nan ƙarshensa, yadda na san ki da dauriya. Idan an sallame ki, ni da kaina zan tare ki a tashar Ngawundal.

Makiyayina ya gudu ya bar ni, don haka bana ni zan sauka da garke kwarin Jerem. Jibi za mu tashi, sai ruwa ya sauka za a gan ni. Can ba mai zuwa sai ƙuda, kada ki ga shiru ki ce fushi ne. Ga zuma da man shanu nan Dudu ta ce a ba ki, ki riƙa lasa saboda gyambon baki.

Ubangidanki har gobe,
Hamajoda

Yawunde, tsakiyar azumi

Hamajoda,

Ina gaisuwa, ina yi muku barka da shan ruwa. Zuma ta iso, a yi wa Dudu godiya. Ba ni da lafiya. Ka ga yau ban ce lafiya ba.

Na karanta amsarka na ga laifin nawa ne. Na saba in zan gaya maka abu sai na naɗe shi cikin tsiya, kai kuma ka saba ka ɗauki tsiyar ka bar abin. To yau na cire taubasantaka na ajiye gefe. Ka karanta wannan kamar ƙanwarka ce ta rubuto.

Ba na son maganin nan. Ba ragwanta ba ce. Da warkewa ake yi da na shanye shi ko da wuta ne, amma ni ce a cikin jikin nan, na san inda aka kwana. Gefen cikina na dama ya yi tauri kamar an cusa dutse. Bayana yana ci kamar ana sara. Idanuna sun fara yin rawaya, na gani a murfin tukunya. Akwai wata mata 'yar kudu da ake ɗaura mana ruwa tare, ba ma jin yaren juna, sai dai ta ɗaga mini gira in ɗaga mata. Ta riga ni farawa. Zuwan da na yi na baya na tarar da wani a gadonta, da na nuna gadon, mai shara ta ɗaga hannu sama.

Abin da nake so kaɗan ne. A bar ni haka, a sa ni a jirgi tun ina iya zama. In kwanta a ɗakina, in ji kukan maruƙa da safe. In lokaci ya yi Dudu ta wanke ni, a kai ni inda aka kai Inna. Ba na so in ƙare a saman bene, a hannun mutanen da ba su san sunan ubana ba.

Za ka ce in gaya masa. Na gwada. Shekaranjiya yana falo yana duba takardun ɗalibai, na dafa bango na fito na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Malam."

Ya miƙe zumbur har alƙalami ya faɗi. "Na'am, Dada. Wani abu ne?"

Tunda na zo gidan nan ban dube shi sosai ba sai ranar. Ya rame, Hamajoda, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Babur ɗinsa ma na daina jin ƙararsa, ya ce yana wurin gyara, kuma na san ba gyara ba ne. Yana tsaye yana jira, fuskar nan kamar ta mai jiran hukunci. In na ce a bari, me zai ji? Zai ji na ce duk wahalarsa ta banza ce.

Na ce, "Gishiri ya ƙare."

Ya fita a guje ya sayo gishiri.

Abinci kuwa, in ya ajiye mini sai in jira ya fita in juye wa kyanwar maƙwabta, in mayar da kwano a wanke. Da azumi ya kama ma sai na huta, na ce ina yi. Ya ce likita ta hana, na yi kamar ban ji ba. Yanzu yana alfahari da ni a asibiti. Ran nan ƙafata ta ƙi hawa matakala, ya tsaya yana ta duban sama da ƙasa ko wata mace za ta ɓullo. Ba wadda ta ɓullo. Ya ce, "Ku yi haƙuri, Dada," ya ɗauke ni cak. Ni na rufe ido, shi ma ina jin ya rufe nasa, don sau biyu muna karo da bango.

Kai kaɗai za ka iya shiga tsakaninmu. Kai kawunsa ne, ba zai musa maka ba, kuma bakinka ba shi da linzami, kowa ya sani. Ka rubuto masa ka ce a dakata, ka ce daga gare ka ne. Na san ka ce ka sauka kwari, amma ina fatan wani mai kai gishirin shanu zai bi ta inda kake. Ka yi sauri. Jikin da zai iya kwana a jirgi ba zai daɗe tare da ni ba.

Astajam

Yawunde, bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga Kawu Hamajoda.

Bayan gaisuwar ban girma, ina yi muku barka da Sallah, da fatan kuna lafiya, ku da Inna Dudu da ƙannena. Ku yi haƙuri da ajamina, na daɗe ban rubuta ba. Mu nan da sauƙi. An yi mini ɗiya a Garwa, ban samu zuwa ba tukuna.

Kawu, magana ce ta fi ƙarfina, kuma ba ni da wani babba sai ku.

An sake ɗaukar hoton Dada. Likita ta kira ni ni kaɗai ta nuna mini. Cutar ta kama hanta, ta shiga ƙashin baya. Ta ce jan ruwan bai yi aiki ba, kuma ba wani magani da zai warkar da ita, nan ko a ƙasar waje. Ta ce hanya biyu ce. Ko a sa wani ruwan da ya fi wannan ƙarfi, wataƙila ya ƙara mata 'yan watanni, wataƙila kuma ya kwantar da ita. Ko a tsaya haka, a ba ta maganin rage zafi, ta koma gida. Ta ce da wata ce da ba za ta ma kawo zancen ruwa na biyu ba, amma Dada jikinta yana ɗauka, ba amai, ba ciwo, tana cin abinci. Sannan ta ce ba ni zan zaɓa ba, mai jikin za a tambaya.

Aka shigo da Dada. Likita ta ja kujera kusa da ita ta yi bayani mai tsawo, a hankali, tana riƙe da hannunta. Da ta gama ta dube ni. Dada tana kallon bango. Kawu, na buɗe baki, na rasa ta inda ɗa yake fara gaya wa wadda ta haife shi cewa mutuwa za ta yi. Abin da ya fito shi ne, "Dada, wai za a canja magani."

Ta ce, "Yadda ka gani."

Likita ta tambaye ni me ta ce, na ce ta ce za mu yi shawara.

Tun ranar ba na iya cin abinci. Wani lokaci ina jin motsi ta bango kamar mai nishi, in na yi gyaran murya sai a yi tsit. Na ga ta rame, amma kwano a wanke yake dawowa, azumi ma ko ɗaya ba ta sha ba. Ko sau ɗaya ba ta ce wash ba. Sai nake ganin mai wannan ƙarfin hali ba ta gaji da duniya ba, kuma in na ce a tsaya, za ta ɗauka ni ne na gaji da ita. Ita ɗin da ba ta taɓa roƙona komai ba, abu ɗaya da zan yi mata shi ne kuma zan janye?

Gaskiya ban san ta ba, Kawu. Ku kuka san ta. Ni muryarta ma na fi saninta idan da wani take magana ina bayan ƙofa. In Malam Dewa ya zo gaishe ta nakan ji tana dariya, sai in tsaya a matakala in ƙi shigowa don kada ta daina.

Ku yanke mini. Abin da kuka ce shi zan yi. Likita ta ce kada a wuce ƙarshen watan nan ba a tsai da magana ba. In ban ji daga gare ku ba zan ce a ci gaba, don ba zan iya cewa a bari da bakina ba.

Ɗanku,
Jibrilla

Tibati, ƙarshen watan Zulƙida

Jibrilla,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya raya abin da aka samu.

Jiya na dawo daga kwari bayan ruwan farko. Dudu ta sauko mini da takardu biyu daga cikin ƙwarya, taka da ta uwarka, suna kwance ɗaya a kan ɗaya. Ta ce ta nemi wanda zai kai mini, ba wanda ya san inda muka koma da garke. Na karanta su a tsaye, takalmi ma ban cire ba.

A dakata. In an fara sabon ruwan, a tsaya inda aka kai. Uwarka ba ta son maganin nan, ta rubuto mini da hannunta tun cikin azumi. Tana amai, tana ciwo, abincinka kyanwa ke ci. Gida take so ta zo tun tana iya zama. Ku biyu kun zauna a gida ɗaya kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya, ni kuma da ya kamata in gani na tsaya ina dariya.

Ka je unguwar Birkitiri ka nemo mace babba mai jin Fulatanci da Faransanci, ka shigar da ita wurin likita, kai ka fita waje. Tun farko haka ya kamata a yi.

Sannan ka sako ta a jirgin Alhamis ta kafin Babbar Sallah, ka kama mata ɗakin kwana a cikin jirgin. Zan kasance a tashar Ngawundal safiyar Juma'a da mota, na sa an cire kujerar baya an shimfiɗa katifa. Yau aka fara sabunta jinkar ɗakinta, Dudu tana daɓe. In Alhamis ba ta yiwu ba, ina nan a tashar har ku iso.

Ka ce wa Asta na karanta, kuma ban yi dariya ba.

Kawunka,
Hamajoda

Yawunde, ana jibi Arfa

Zuwa ga Hamajoda.

Ina gaisuwa. Sannu da hanya, sannu da tsayuwar tasha. Malam Dewa ne zai miƙa maka wannan idan jirgi ya tsaya. Kada ka yi ta leƙen bayansa, ba kowa. Ka nemi wuri ka zauna, rubutun ya karkace don a kwance nake yi, kuma ba rana ɗaya na yi shi ba.

Takardarka ta zo, amma sabon ruwan ya riga ta. Wannan ba ja ba ne, fari ne tas kamar na sha, sai dai jan wasa ne a kansa. Bayan an sa zazzaɓi ya kama ni har na daina gane mutane, aka kwantar da ni a asibiti. Da na farfaɗo na yunƙura zan yi alwala, na ji wani abu ya ce ƙas a bayana. Tun daga nan ƙafafuna ba nawa ba ne. Ana juya ni kamar jariri.

A nan Malamin ya same ni da takardarka. Akwai labule a gefen gadon. Bai shigo ba, ya ja kujera ya zauna a bayan labulen, ina ganin dugadugansa ta ƙasa. 

Can ya ce, "Dada, Kawu ya rubuto."

Na ce, "Na ji."

"Ya ce kyanwa ke cin abincin."

"Ta yi ƙiba kuwa."

Ya yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce. Sannan ya ce, "Ni ma akwai abin da likita ta faɗa ban gaya muku ba. Tun bayan Sallah ta ce ba warkewa. Ta ce in kuna so ku tafi gida. Ni na ce muku canja magani za a yi."

Na dubi bango. Tun bayan Sallah, Hamajoda. Lokacin ina sauka matakala da ƙafata.

Ya ce, "Da kun ce mini."

Na ce, "Da ka ce mini."

Daga nan sai kuka, irin na babban mutum, mara daɗin ji. Ban san me ake yi ba, ban taɓa rarrashinsa ba ko yana ƙarami, uwarka ce ta yi. Na zura hannu ta ƙarƙashin labule na lalubo kansa na dafa. Ashe ya fara sanƙo. Ban sani ba sai ranar.

Washegari ya kawo wata Hajja Didi mai sayar da kindirmo a Birkitiri, ya fita kamar yadda ka ce. Na gaya wa likita komai tun daga farko, har na cire ɗankwali. Ta ajiye alƙalami ta riƙe kai. Ta ce, "Mama, me ya sa kullum kike ce mini lafiya?" Hajja Didi ba ta ma juyo mini da tambayar ba sai daga baya, ita ta amsa, ta ce, "Ɗan fari ne fa." Likita ba ta gane ba, mu kuma ba mu da ƙarfin bayani.

Na tambaye ta jirgi. Ta girgiza kai. Ta ce bayan nan ba zai ɗauki girgizar dare guda ba, balle hanyar mota daga Ngawundal zuwa Tibati da damina. Ta ce a hanya zan ƙare, cikin azaba, a gaban baƙi. Malamin ya ce zai riƙe ni a ƙirjinsa har mu isa. Ni na ce a'a. Ya ɗauki abin da ya isa.

An daina ruwan. Ana ba ni wani magani da ke kwantar da ciwon, ina samun barci. An maido ni gidan benen, maza huɗu suka hau da ni a kan katifa. Hajja Didi tana zuwa kullum, ta yi alkawarin ita za ta wanke ni, kuma ta tambayi sunan Baffa mahaifina ta riƙe. Liman ya ce akwai maƙabartar Musulmi a bayan gari, ƙasar ja ce. Na ce to. Na sa an juyo da gadon wajen taga, ba na ganin jirgin amma ina jin sa.

Kada ka yi wa yaron faɗa, kada kuma ka yi wa kanka. In ka ga dama ka zo, amma ba na ce za ka same ni ba. Ka ce wa Dudu ta yafe mini wahalar daɓe, ta sa kaji a ɗakin kada ya zauna haka.

Saura abu ɗaya. Malam Dewa zai ba ka wani ƙulli a tsohon ɗankwali, ba shi da nauyi. Ka sa shi a kan katifar nan da ka shimfiɗa, tunda ka riga ka biya mota. In kun isa, ka tona rami a bayan ɗakina, wajen da Inna take binne nata in ta tsefe, ka sa shi ka rufe da kyau saboda kaji. Kada ka kwance, bawan banza, ba na so ka ga furfurar.

Iyakar abin da zai zo gida ke nan.

Taubashiyarka,
Astajam